Ba a Cewa Wash a Gaban Maza

Aikina shi ne in sa wa ɓeraye ciwo, sannan in tambaye su ko da zafi. Idan wata ta tambaye ni sana'ata a wajen kitso, nakan ce a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a nake, in ja bakina in yi shiru, don na gaji da ganin yadda fuskar mutane ke yamutsewa in na ƙara bayani.

Abin da muke bincike a kai wani ɗan ƙullutu ne da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, likitoci suna kiransa furostet. In ƙwayoyin cuta suka shige shi suka yi gida, namiji ya ga ta kansa: fitsari ya koma ɗigo-ɗigo da raɗaɗi, zama ya gagara, zazzaɓi ya tafi ya dawo kamar ya manta wani abu. Magani kuma da ƙyar yake kaiwa can ciki. Tunda ba a tara maza a ɗura musu cuta don gwada magani, dole a nemi dabbar da za ta kamu irin kamuwar mutum. Mu fararen ɓeraye muka zaɓa, maza zalla. Ni ke renon ƙwayoyin a cikin 'yan faranti, ni ke sa ɓera barci, in zura masa siririyar roba ta hanyar fitsari, in tura masa rabonsa, in mayar da shi keji ina ba shi haƙuri.

Cutar kam tana kama su. In an duba, ƙullutun ya kumbura, ƙwayoyin sun hayayyafa har da jikoki. Amma Farfesa, shugaban ɗakinmu, ba kumburi yake nema ba. Kullum cewa yake ba kumburi ke kai mutum asibiti ba, ciwo ne, saboda haka ɓeran da bai nuna ciwo ba abincinmu kawai yake ci. Yadda ake tambayar ɓera kuwa shi ne a ɗora shi a kan raga, a ɗauki wani siririn tsinke na roba mai laushi, a taɓa masa ƙasan ciki. Mai lafiya ko a jikinsa. Mai ciwo sai ya zabura, ya ɗage ciki, ya juya ya lashi wurin.

Namu ba sa zabura. Wannan taɓawar aikin manya ce, ba a ba ni ita. Farfesa ne ke yi, sai ɗalibinsa Dogo, wanda digirinsa na ƙarshe ke rataye a ƙasan cikin ɓera. Su taɓa, su sake taɓawa, ɓera ya dube su sama da ƙasa, ya ci gaba da wanke fuska. An canza ƙwayoyi, an canza tsinke, an canza irin ɓerayen, har fentin bango aka canza. Dogo ya shigo aikin nan da suma cike da kai, ga shi yanzu sanƙo ya fara leƙo shi.

Ni ban cika mamaki ba, don a gida ina da irinsu guda ɗaya.

Maigidana tela ne, yana da shago a layin teloli da ke bayan tasha. Mutum ne mai raha. Shi ya raɗa min suna Likitar Ɓeraye, kuma ko a gaban baƙi haka yake kirana. Tun farkon shekara na lura ya fara zama da gefe guda, kamar wanda ya manta allura a aljihun baya. Sai ya riƙa daɗewa a bayi, ya kunna famfo don kada in gane fitsari ne ya ƙi zuwa. Ya fito goshinsa da gumi, ya ce min ruwan garin nan ba ƙarfi. Wata rana na taɓa wuyansa na ji zafi rau, ya ce guga ya yi.

Na ce, "Maigida, abin da ke damunka na san shi. Shi nake sa wa ɓeraye tun safe har yamma."

Ya ce, "To ki bar shi a wajen aiki. Ni lafiyata lau."

"Zama fa ya gagare ka."

"Kujerar ce ta tsufa."

Aka kawo sabuwar kujera, ita ma ta tsufa nan da nan. Na zo masa da 'yar kwalbar da ake kai fitsari gwaji, na ce ko ɗigo ne ya sa min, ba sai ya je ko'ina ba. Ya juya ta, ya yaba murfinta, ya yi godiya. Washegari na gan ta a shago cike da allurai.

Daga nan ya ɗora kan kekensa a kan wani dogon tebur, ya ƙara wa bel ɗin tsawo, ya koma ɗinki a tsaye. Ya gaya wa maƙwabtansa cewa haka manyan teloli ke yi yanzu, ɗinki ya fi miƙewa. Shi kuwa gwani ne, in ya yi magana a layin nan ana ji. Kafin a ce me duk layin sun ɗaga kekunansu. In ka wuce sai ka ga maza jere a tsaye, kowa ƙafa ɗaya a ƙasa ɗaya a kan feda, kujeru kuma an tara su a lungu kaji na kwana a kai. Allah kaɗai ya san nawa ne a cikinsu ke bin yayi, nawa ne suka samu mafita.

Abin ban dariya ne, kuma na yi dariyar. Amma tsoro nake ji. Na san inda ciwon nan ke kaiwa in an ƙyale shi: hanya ta toshe, ƙwayoyin su shiga jini. Kuma ba a littafi kaɗai na sani ba. Mahaifin maigida, wanda shi ya koya masa ɗinki, haka ya tafi. Ya kwana ya wuni mara a kumbure, ana tambayarsa yana cewa da sauƙi, har aka ɗauke shi ba ya gane mutane. A gidansu wannan labarin abin alfahari ne. "Baba har ya rasu bai ce wash ba," haka suke faɗa, suna gyaɗa kai. Na taɓa kai ƙara wajen yayarsa, na ce ta yi masa magana. Ta saurare ni tsaf, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Allah sarki, Baba sak." Tsohon kwat ɗin Baban kuwa yana nan rataye a bayan ƙofar ɗakinmu, da tef ɗin awo a aljihu, ba a wankewa, ba a taɓawa.

Ranar da abin ya fashe a wajen aiki, an kira duk mazan sashenmu wani taro a kan wurin ajiye motoci. Lokacin gwaji ya yi, Dogo ya bugo waya ya ce in taimaka in taɓa ɓerayen, ko ba komai a cike gurbi, ai an san amsar. Na ɗora na farko a raga, na zauna gefe na ba shi lokaci ya saba da wurin, yadda ƙa'ida ta ce. Na taɓa shi. Ya yi tsalle har ya bugi murfi, ya yi wata siririyar ƙara, ya duƙufa yana lasar cikinsa. Na biyu haka, na uku haka. Waɗanda aka ba ruwan gishiri kawai ba cuta, su ko gezau. Abin da ake nema shekara da shekaru ga shi a gabana, ni kaɗai, ba shaida.

Na kira Farfesa, ya taho da gudu, abin da ban taɓa gani ba. Yana shigowa ɓeran da ke kan raga ya miƙe, ya gyara gashin baki. Na taɓa shi, ya yi hamma.

Farfesa ya ce, "Malama, ba na son a yi wasa da furfurata."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka ɗan fita."

Ya fita. Aka jima, na taɓa, ɓera ya zabura. Ya shigo, ɓera ya dake. Ya fita, ya shigo, ya fita. Wunin ranar tsakanin Farfesa da ƙofa aka yi shi. Da yamma ya shiga ofis ya yi ta karance-karance, ya fito ya ce ashe wasu sun taɓa cin karo da haka: ɓera in ya ji warin namiji a kusa, jikinsa kan danne ciwon. Ba sai namijin ya shigo ba ma, rigar da ya sa ta isa. Muka karɓi singiletin Dogo muka rataye a ƙusa, ɗaki ya yi tsit, duk marasa lafiya suka warke. Muka fitar da ita, muka bar iska ta zaga, suka koma kuka.

Dogo ya zauna a bencin baranda ba riga, ya ce, "Wato duk shekarun nan kunyata suke ji."

Bai haƙura da wuri ba. Ya yi wanka da sabulun ƙanwarsa, suka gane shi. Ya fesa turaren mata har idon masu wucewa ya yi yaji, suka gane shi. Ya naɗe kansa da leda daga wuya zuwa ƙafa, ya shigo yana ƙwaram-ƙwaram, ɓerayen suka zo bakin keji suna kallonsa cikin ƙoshin lafiya. A ƙarshe aka liƙa takarda a ƙofa: MAZA BA SA SHIGA.

Farfesa, wanda sai da ya yi faɗa da rabin jami'a kafin a ba shi ɗakin nan, ya koma leƙe ta gilashin ƙofa, yana ba ni umarni ta waya alhali ina ganin motsin bakinsa. Ƙwan lantarki ya mutu, mai gyara ya tsaya a waje yana nuna min da hannu, ni na hau tebur. Wani babban baƙo ya zo ganin aikin, aka tsayar da shi a baranda, ya ɗaga wa ɓeraye hannu ta gilashi ya ce aiki ya yi kyau. Ni da a da ba a ba ni tsinke, sai ga shi in na yi atishawa Farfesa ya aiko da magani. A bayanin kayan aiki ma an ambace ni, tsakanin raga da ma'aunin zafin ɗaki.

Ana cikin haka rukuni na ƙarshe ya iso, wanda za a gwada wa sabon magani, wanda kuma da shi Dogo zai gama. Sai ɓeraye suka daina min magana. In taɓa, su dube ni yadda suke duban Farfesa. Ruwa ba ya tsami banza. Aka bincika bututun iska, aka tambayi matar da ke kawo abincin ɓeraye ko mijinta ya taya ta ɗaukar buhu. A ƙarshe Farfesa ya ƙura wa sabuwar farar rigata ido ta gilashi, ya ce wa ya ɗinka. Maigida ne. Shi kuwa in ya gama riga, ta mace ce ko ta namiji, sai ya ɗora ta a kafaɗarsa ya ga yadda ta sauka.

Farfesa ya kira ni ofis. Ya nuna min kujera, shi ya tsaya jikin taga. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

"Malama, maganar tana da nauyi. Rigar dai mun fitar da ita. Amma abin da ya samu riga zai iya samun mai rigar. Ko za ki roƙi maigida ku ɗan ba juna fili, har mu gama da rukunin nan? Ɗaki daban, wanki daban. Don ilimi."

Na taho gida ina shirya yadda zan faɗa, ina jiran a yi min faɗa. A raina ma so nake a yi. Namijin da aka ce ya bar ɗakin matarsa saboda ɓera, ai ya kamata ko kofi ne ya fasa.

Maigida ya saurara har na gama. Fuskarsa ta washe.

Ya ce, "Ai ilimi sai da sadaukarwa, Likita. Bari in ɗauki katifa."

Kafin in ajiye jaka ya kwashe kayansa zuwa ɗan ɗakin baƙi, wanda ƙofarsa ke kallon ƙofar bayi. Wannan ya yi min ciwo fiye da faɗa. Ni da hannuna na kawo masa abin da yake nema, wato izinin jami'a na ya ɓoye min ciwonsa. Muka koma gaisuwa daga nesa. In zuba abinci in ajiye a tebur in ja baya, ya zo ya ɗauka ya ci a tsaye. In ce, "Ya jiki?" ya ce, "Jikin wa?"

Ɓeraye kuwa suka dawo da kukansu, a kan ƙa'ida, kowa a lokacinsa. Farfesa ya ce bai taɓa ganin ciwo mai tsabta irin wannan ba. Kullum in wuni cikin maza masu nuna min inda ke musu zafi, in koma gida wajen wanda na aura ya ce lafiya lau. Na fara jin haushin ɓerayen, su da ba su yi min komai ba.

Ana gobe babban gwaji, ranar da ba ta ɗaguwa don ciwon ɓera ba ya jira, na biyo ta layin teloli. Na tsaya a tsallaken titi, tunda an hana ni matsawa. Na hango shi. Ya riƙe teburin keke da hannu biyu, kai a sunkuye, haƙoransa na haɗuwa a tsakiyar rana. A gabansa wandon wani ne, kuma daga inda nake ina ganin kalmasar ta karkace. Tun da na san shi bai taɓa karkata ɗinki ba. Maƙwabcinsa ya leƙo ya ce, "Babban tela, lafiya?" Ya ɗago ya yi murmushi, ya ce zaren ne ba shi da kyau. Maƙwabcin ya koma ya canza nasa zaren.

Nan na tsallaka titi. Na kama hannunsa a gaban kowa, hannun kamar an ciro shi daga tukunya. Na san gwajin gobe ya bi ruwa da wannan kamun, digirin Dogo kuma ya ƙara nisa, amma ban saki ba.

Na ce asibiti, ya ce gida, mai lafiya me zai yi a asibiti. Ba zan iya ɗaukarsa a ka ba, kuma na san in an kai shi da ƙarfi zai gaishe da likita, ya tambayi iyalinsa, ya fito. Dole sai ya faɗa da bakinsa. To ni abu ɗaya na iya a duniya.

Da muka isa gida na kwantar da shi a doguwar kujerar falo, a gefe guda, na fara fitar da maza. Ƙaninsa da ya biyo mu da jakar almakashi, daga ƙofa na sallame shi. Na kashe rediyo, don namiji ke karanta labarai. Kalanda mai hoton ɗan ƙwallo na juya ta bango. Takalman maigida, hularsa, tawul ɗinsa, na kwashe na kai waje. Zakaran maƙwabta ya hau katanga ya buɗe baki, na jefe shi da silifas.

Maigida yana kallona. Ya ce, "Tashi za mu yi?"

Na ce, "Ya jiki?"

"Lafiya lau."

Sai na tuna. Na shiga ɗaki na tsaya a bayan ƙofa, gaban kwat ɗin Baba. Duk zamana a gidan nan ban taɓa sa masa hannu ba. Na sauke shi. Ya fi yadda na zata nauyi, yana warin man keke da tsohon gumi. Na rungume shi na bi ta falo.

Maigida ya ɗago a kan gwiwar hannu. "Ina za ki kai shi?"

"Wajen maƙwabciya. Zai dawo."

"Ba a taɓa kwat ɗin nan."

"Na sani. Shi ma ya huta, ya daɗe a tsaye."

Na dawo na buɗe tagogi, na jira iska ta zaga. Na sake tambayarsa jiki. Ya ce, "Da sauƙi." Maganar Baba ke nan.

Na dubi falon lungu-lungu. Babu wani namiji da ya rage sai shi kansa. Ga shi nan kwance cikin rigarsa ta aiki, da alli a aljihu da gumin wuni guda, yana shaƙar kansa. Na haɗa ruwa mai ɗumi, na ba shi sabuluna mai ƙamshin fure, na ce ya yi wanka. Bai musa ba, ƙarfin musun ya ƙare. Da ya fito na miƙa masa doguwar rigata ta zaman gida, mai manyan jajayen furanni, wadda ya ɗinka min lokacin ina da cikin 'yarmu.

"Likita, wannan kuma wane irin wulaƙanci ne?"

"Kai ka ɗinka ta. Kai ka ɗora ta a kafaɗa ka ce ta sauka daidai."

Ya sa. Ta yi masa daidai kuwa, har ta fi yi masa kyau a kaina.

Sai na yi abin da nake yi a wajen aiki. Ba a kallon ɓera ido cikin ido, ba a tsaya masa a ka, ba a gaggawa. Na zauna a ƙasa kusa da kujerar, na ba shi gefe, na jawo gwangwanin maɓallansa ina ware farare da baƙaƙe. Ban tambaye shi komai ba. Rana ta sauko daga labule ta kwanta a kan darduma. Can na ji numfashinsa ya canza. Na miƙa hannu ba tare da na juya ba, na ɗora yatsa ɗaya a kan mararsa, ko nauyin tsinke bai kai ba.

Ya ce, "Wash."

A hankali ya faɗa, kamar yana gwada kalmar ya ga ko girmansa ce. Sai ya sake faɗa. Sai sauran suka biyo: tun safe fitsari bai fito ba sai ɗigo, ƙasansa kamar ana hura wuta, sanyin nan ya shiga ƙashi. Ya ce tun da abin ya fara yake ganin Baba a kwance, mara a kumbure, ana tambayarsa.

Ya ce, "Ina tsaye a kansa ranar nan. Ni na fi kowa cewa Baba jarumi ne. Tsoro nake ji, Likita."

Na ci gaba da ware maɓalli. In na juyo zai ga ina kuka, ya koma lallashina ya ce wasa yake.

Da rigar muka tafi asibiti, na lulluɓe shi da bargo. Maƙwabciya ce ta tuƙa mu a motarta, don ban yarda da direba namiji ba. Kwat ɗin Baba mun bar shi zaune a falonta. A hanya na kira Farfesa, na ce gobe kada a jira ni, daga kaina har ƙafata warin namiji nake, kuma ba ni da niyyar wankewa. Na gaya masa dalili da yadda aka yi.

Ya ce, "Dogo zai jira wani rukunin. Dama sumar da ta rage ba yawa." Sannan ya ce, "Malama, wannan hanyar da kika bi da shi. Dole sai da rigar furannin?"

Na ce ban gwada ba tare da ita ba. Ya ce ba komai, don ilimi ya tambaya. Sai da na kashe waya na yi ta ƙoƙarin tuna rabon da in ga Farfesa a zaune, na kasa.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta sa masa ma'aunin zafi, ta duba, ta wuce da mu gaban layi. Likitan namiji ne, ƙato, ga gashin baki ga murya. Na ji hannun maigida ya zame daga nawa. Ya miƙe sosai, ya ja bargo ya rufe furannin, ya gyara murya.

Likita ya ce, "Me ke damunka, Malam?"

"Lafiya lau, likita. Matata ce hankalinta ya ɗan tashi. Ya aiki, ya iyali?"

Na ce, "Likita, don Allah ka ɗan fita."

Ya dube ni. "In fita daga ofishina?"

"Ka tsaya a bayan ƙofa, akwai gilashi. Ka tafi da rigarka da ke kan kujera. Wanda ya girme ka ma haka yake yi, kuma farfesa ne."

Ban san me ya gani ba, ko fuskata, ko gefen jan furen da ke leƙowa daga bargo, ko gumin da ke ɗiga daga haɓar mai lafiya lau. Ya ɗauki rigarsa ya fita, ya ja ƙofa, ya tsaya a bayan gilashi da biro a hannu. Na zauna gefe, na kau da kai. Babu maɓallan da zan ware, sai na riƙa murza bakin bargon.

Maigida ya daɗe yana kallon mutumin da ke bayan gilashin. Sannan ya jawo hannun rigata.

Ya ce, "Ki je ki gaya masa. Duka, har da fitsarin."

Na miƙe. Ina kama ƙofa ya sake kirana.

"Kar ki ce ke kika lura. Ki ce masa da ciwo. Ki ce ni na faɗa."